Yadda Ake Burge Suruki da Gasasshen Shayin China

Kai saurayi, matso nan. Na ga tun safe kana zagaye kamar wanda ya yar da makullin babur: an ce ka je gaida mahaifin yarinya, ka rasa abin da za ka riƙa. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari har tsohon nan ya koma ga Mahaliccinsa ba zai manta da fuskarka ba, kuma labarinka sai ya tsallaka iyakar Kongolam ba tare da an tambaye shi takarda ba. Hanya ce da aka gwada aka gani. Ni Sama'ila tela, na bakin tasha a nan Daura, ni ne shaida, don ni na riƙe fulas.

Wanda ya gwada ta abokina ne, Munzali, mai sayar da caja da batirin waya a kasuwa. Shekara biyu yana neman Raihana, malamar firamare a Mai'adua, ita ma kuma tana sonsa. Wannan ba ji na yi ba, gani na yi. Abin da ya rage masa kalma biyu ce rak daga bakin mahaifinta, Alhaji Sada dillalin shanu: "Ka turo." In tsoho ya faɗa, manyan Munzali su je neman aure. In bai faɗa ba, to akwai wani Jafaru, malamin dabbobi daga Baure, wanda ya daɗe yana zuwa yi wa shanun Alhaji allura yana gaisuwa a durƙushe. Ka riƙe wannan a ranka, mu je.

Mataki na ɗaya: Ka je China, ko ka raɓi wanda ya je

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka garƙame wuraren nan da ba sai na faɗi sunansu ba, duk mai son a san ya waye sai ya koma kan shayi. To amma shayin mai teburi kowa na sha, da ni da kai da mai turin baro. Kai wanda ba a taɓa gani ba kake bukata.

Munzali ya taki sa'a. Ubangidansa, wani mai odar kaya, ya tafi da shi birnin Gwanzu na China riƙon jaka. Kwana tara suka yi, har da na jirgi. Shi ke nan fa! Tun daga ranar ba a sake yin hira a majalisarmu ba sai an bi ta China. In an ce an ɗauke wuta, ya ce, "A can..." In an ce jakin wane ya mutu, ya ce, "Ai su a can..." Ka koyi wannan "a can" ɗin da kyau, ita ce rabin aikin. A hankali ake faɗinta, ido a lumshe, a biyo ta da ajiyar zuciya.

Mataki na biyu: Ka san kayanka

Shayin nan sunansa ulon. Ba baƙin shayi ba ne, ba kore ba ne, yana tsakani. Wanda Munzali ya zo da shi gauraye ne: ganyen duwatsu uku aka haɗa, in ji shi, aka gasa a kan gawayi sannu-sannu har ya murɗe ya yi duhu. In ka buɗe gwangwanin, ƙamshin tumu ne zai fara dukan hancinka, can daga baya ka ji ɗan ƙauri-ƙauri irin na ƙanzo. Kada ka kuskura ka ce tumu ko ƙanzo a gaban mutane. Ka ce "ƙamshin dutse." Ba wanda ya taɓa tsayawa sunsunar dutse, don haka ba mai ƙaryata ka.

Sai 'yar butar yumɓu wadda ba ta fi lemon zaƙi girma ba, da finjalai ƙanana da kurɓi ɗaya ke shanye su. Ba a wanke butar nan da sabulu har abada, wai tsatsar shayin da ke cikinta ita ce darajarta. In mahaifiyarka ta tsince ta ta dirje ta da soso don tausayi, kamar yadda ta Munzali ta yi, ka daure kada ka yi kuka a gabanta.

Sannan ka nuna ka yarda da kanka. Saura mako guda mu tafi, Munzali ya dire mini farar shadda a kan keke, ya ce in ɗinka masa rigar angonci, aiki har ƙasa.

Na ce, "Haba Munzali, ba ka bari a ce ka turo tukuna?"

Ya ce, "Sama'ila, kai allura ka sani. Ba ka san abin da ke cikin gwangwanin nan ba."

Mataki na uku: In mace ta ba ka shawara, ka ce "an gama"

Za ta ba ka, ba makawa. Raihana ta ba Munzali tata ran Juma'a da yamma, ni ina gefe a kan babur ina yin kamar ba na ji.

Ta ce, "Malam Munzali, don Allah ka ji ni. Baba ba ya son iyayi. Kullum bayan La'asar yana zama a ƙofar gida da kurfotinsa na gawayi, da kansa yake dafa shayi, zagaye uku. Na farko na babban da ke wurin ne, ba a tsallake shi. Ba ya sayar da saniya kafin na biyu, ba ya yanke magana kafin na uku. Mazan yayyena biyu duk a na uku ya ce su turo. Kai dai ka cire takalmi, ka durƙusa, ka yi shiru. Abin da aka miƙo maka ka karɓa da hannu biyu. Ba abin da nake roƙonka sai wannan."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Ranki ya daɗe, an gama."

Haka za ka ce kai ma, sannan ka je ka yi abin da ka ga dama. Me ta sani game da ubanta? Shekara ashirin da shida kawai ta yi a gidan. Kai kuwa kwana tara ka yi a China, har da na jirgi.

Mataki na huɗu: Ka karɓe aikin mai gida

Mun isa Mai'adua ana sallame La'asar. Alhaji Sada na zaune a kan buzu a gindin darbejiya, dogon carbi a hannu, ya riga ya hura gawayi. Kusa da shi ga ƙaninsa Malam Zakiyyu, mai makarantar Islamiyya, sai fatake uku da suka tsallako iyaka da shanu. Munzali ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai kyau. Wallahi har na fara murna a raina.

Sai kawai na ji ya ce, "Baba, yau ku huta. Na zo muku da abin da ba ku taɓa sha ba."

Wurin ya yi tsit. Alhaji ya dube shi, ya dubi butarsa da ya riga ya ɗora, ya sauke ta ya ajiye gefe. Ya ce, "To, samari. Bismilla. Ga ruwa nan a tulu."

Nan ne wurin da ake gane ƙwararre. Kada ka taɓa tulun. Ka ce abin da Munzali ya ce: "A'a Baba, ruwan rijiya kashe shi yake yi. Na zo da nawa." Rijiyar nan mahaifin Alhaji ne ya haƙa ta, unguwa guda ke sha, amma wannan ba damuwarka ba ce. Ruwan ulon ruwan gora ne, a tafasa shi a bar shi ya ɗan huce kaɗan. Shi ne abin da ke cikin fulas ɗin da aka ɗora mini.

Mataki na biyar: Ka karanta musu gwangwani

A zamanin nan ba a kurɓar abin da ba a san asalinsa ba, balle mai launin zuma a ƙananan kofuna. Dole wani ya tambaya. Malam Zakiyyu ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, me aka rubuta a jiki? Karanta mana mu ji, kada mu sha abin da za mu yi da-na-sani."

Kada ka ce ba ka iya ba. Munzali ya ɗaga gwangwani, ya bi zanen nan na China da yatsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, nan sun ce halal ne. Nan kuma sun ce yana narkar da kitse."

Malam ya leƙo, ya daɗe yana kallon hoton da ke tsakiyar rubutun. Ya ce, "Ikon Allah. Su duwatsun ƙasarsu a kife suke tsayawa?"

In haka ta faru da kai, ka juya gwangwanin daidai a hankali, ka ce su ta kowane gefe suke karatu.

Mataki na shida: Ka zubar da na farko

Wannan shi ne zuciyar aikin, ka buɗe kunne.

Ka ɗauraye 'yar buta da ruwan zafi don ta yi ɗumi. Ka zuba ganye har ya rufe gindinta. Ka tsiyaya ruwa daga sama, ka rufe, ka ƙirga biyar, ka juye a finjali. Wannan ruwan na wanke ganye ne da farkar da shi. A can ba a shansa.

To, Alhaji Sada dattijo ne. Na lura ya haɗiye maganar butarsa, ya haɗiye ta rijiya, ya yanke a ransa zai yi wa yaron nan uzuri saboda 'yarsa. Da ya ga finjali na farko ya cika, sai ya mai da carbi hannun hagu, ya ce "Bismillahi," ya miƙo hannun dama. Shekara arba'in ke nan, daga nan har kasuwannin ƙetare, ba a taɓa zuba shayi yana wuri an ba wani na farko ba.

Munzali ya ɗauki finjalin, ya kifar da shi a ƙasa, dab da bakin buzun.

Hannun Alhaji na nan a miƙe. Ƙasa ta shanye shayin muna kallo.

Munzali ya yi murmushi ya ce, "Na farko datti ne, Baba. Ba a ba mutum."

Ɗaya daga cikin fataken ya ƙware da tari. Malam Zakiyyu ya ce, "Inna lillahi! Almubazzaranci ido na gani." Alhaji kuwa, hannun nan da ya miƙo ya ɗaga a hankali ya gyara hularsa, wadda ba abin da ya same ta. Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige. Fulas ɗin nan ya yi mini nauyi kamar buhun gero.

Mataki na bakwai: Ka duba agogo, ka hana sukari, ka zuƙa da ƙara

Zubi na biyu sakan talatin ne, ba ƙari ba ragi. In ya wuce, ya yi ɗaci. Don haka ka fito da wayarka mai layi biyu, ka danna agogonta, ka ƙura mata ido.

Daidai lokacin Alhaji ya sake yunƙurin gyara zance. Ya ce, "Samari, ɗan gidan wa kake a Daura?"

Munzali ya ɗaga yatsa ɗaya bai ɗago kai ba. "Ɗan dakata, Baba, saura sakan goma."

Tirƙashi! Aka dakata. Aka zuba, aka rarraba. Ba kumfa, ba kauri, kurɓi ɗaya-ɗaya. Wani bafatake ya juya finjalinsa ya ce, "Ina sukarin?"

"Ba a sa masa."

"Na'ana'a fa?"

"Haramun ne."

Malam Zakiyyu ya ajiye nasa da sauri. "Wa ya haramta? A wane littafi?"

"A'a, Allah gafarta Malam, wato... a can ba sa so."

"To ka ce ba sa so. Kada ka ƙara ɗora wa Shari'a abin da ba ta ce ba."

Kada wannan ya karya maka gwiwa, akwai sauran darasi. Na san an koya maka mai neman aure ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, in ya zama dole ya kau da kai. Wannan tsohon yayi ne. Ulon ba ya ba da ɗanɗanonsa sai an zuƙe shi tare da iska. Munzali ya fuskanci Alhaji ido cikin ido, ya tsuke baki, ya ja: fuuuut! Ya kurkure a kumatu, ya lumshe ido, ya ce, "Kun ji ƙamshin dutsen?"

Bafataken nan ya ce shi dai ƙanzo ya ji.

Amfanin ganyen nan shi ne ana maimaita masa ruwa har sau shida, kowane zubi a ƙara sakan goma. Munzali ya yi duka shidan kafin gawayin Alhaji ya gama kamawa. Zagaye na uku, wanda ake yanke magana a kansa, ya wuce kamar babur ɗin 'yan fasa-ƙwauri, ba wanda ya ga lambarsa. Alhaji ya taɓa finjalin ƙarshe da leɓe, ya ajiye.

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka. A gaida mutanen Daura."

Munzali ya ajiye masa gwangwanin tsaraba, muka tashi. A hanya ya waiwayo yana tuƙi ya ce mini, "Ka ga yadda suka yi shiru? Mamaki ne ya kashe su."

Mataki na takwas: Kada ka ba da haƙuri, ka yi bayani

Raihana ta ji komai daga cikin zaure. Ba mu kai Daura ba ta bugo waya, har ni da ke baya ina ji.

Ta ce, "Ka bar hannun Baba a miƙe a gaban baƙinsa. Ka san abin da ka yi kuwa? Ka dawo gobe, kai kaɗai, ba fulas ba buta. Ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. Ni zan roƙi Inna ta sa baki. Har yanzu bai ɓaci ba."

Ka ga, nan ne raggon namiji ke faɗuwa. Kuskuren me? Kai ka zubar da na farko a kan ƙa'ida. Su ne ba su fahimta ba, aikinka ka fahimtar da su. Munzali ya zauna ya rubuta wa Alhaji wasiƙa shafi huɗu a kan tarihin ganyen, ya haɗa da faifan bidiyo na wani tsohon ɗan China yana kifar da finjali, ya ba direban Mai'adua ya kai. A bayan ambulan ya rubuta: "Hujja."

Raihana ta jira shi Juma'a uku. A cikin kwanakin nan wata saniyar Alhaji ta yi ciwon kofato, Jafaru ya zo daga Baure ya duba ta. Da ya gama ya wanke hannu da ruwan tulu, ya raɓe a ƙarshen tabarma. Aka miƙo masa shayi sau uku, ya karɓa da hannu biyu, ya kau da kai ya sha. Duk zaman bai ce komai ba sai "Na'am, Baba" da "Haka ne, Baba." Mutumin da ko Kano bai cika zuwa ba!

A Juma'a ta huɗu Munzali ya je zance, na raka shi. Raihana ta fito ba ta ko shimfiɗa tabarma ba.

Ta ce, "Allah ya sani na so ka, Malam Munzali. Abu ɗaya na roƙe ka. Amma ka fi jin tsoron ɓata ganye a kan ɓata ran ubana, kuma har yau ba ka ga abin da ka yi ba. In na shiga gidanka, duk ranar da ka ɓata mini, wasiƙa za ka rubuto. Ni da bakina na ce wa Baba ya ce wa Jafaru ya turo."

Ta juya ta shige. Na ji tausayinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Tsaye ya yi yana kallon labulen zaure har ya daina motsi.

Mataki na tara: Ka halarci ɗaurin aure

Wayayyen mutum ba ya riƙo. Munzali ya ce sai ya je, don a san bai damu ba. Ran Asabar da hantsi aka ɗaura a ƙofar gidan Alhaji, aka shafa fatiha, aka raba goro, jama'a suka fara watsewa. Muna shirin sulalewa sai Alhaji ya hango mu, ya ɗaga hannu. "Samarin Daura, ku matso."

Yana gindin darbejiyar nan, kurfoti a gabansa, tsohuwar butarsa na ta ɓararraka. Liman na zaune, Malam Zakiyyu na zaune, ga dattawan ango. Tun kafin mu durƙusa na ji ƙamshin tumu. Ga gwangwanin nan a gefen buzu, dutsensa a tsaye daidai, saura kaɗan a ciki.

Ya dafa shi da ruwan rijiya. Ya zuba masa sukari cike da tafi, da na'ana'a, da kanumfari. Ya bar shi a wuta yana ta dahuwa, yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa, yana mayarwa, har kumfa ta hau rabin finjali. Duk abin da aka ce ba a yi wa ulon, ya yi masa. Ba wanda ya duba agogo.

Da ya cika finjali na farko, ya tsallake liman, ya tsallake Malam, ya miƙo wa Munzali.

Ya ce, "Ganyenka ne, samari. Mai kyau ne wallahi, wata biyu muna sha muna sa maka albarka. Lokaci kawai yake so. Karɓi. A gidan nan na farko na babban baƙo ne."

Munzali ya karɓa da hannu biyu. Ya kau da kai, ya sha shiru, ba fuuut ba komai. Ya ce, "Na gode, Baba." Abin da aka roƙe shi ke nan tun farko, ya yi shi tsaf, a ranar da ba shi da amfani.

A kan babur Munzali ya yi ta tuƙi har muka hango Daura. Sannan ya ce, "Sun kashe ganyen." Muka ƙara tafiya kaɗan, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Sama'ila, wallahi ya fi nawa daɗi."

Gargaɗi, don kada a ce ban faɗa ba

Alkawarin da na yi maka na cika: ba za a manta da kai ba. Har yau in wani ya zubar da abu a kasuwar shanu ta Mai'adua, sai a ce masa, "Daga China kake?" Ban taɓa cewa za a ba ka mata ba, ka koma sama ka sake karantawa.

Saboda haka duk wanda ya bi matakan nan aka sallame shi da "a gaida mutanen gida," babu ruwana, babu ruwan kekena, babu ruwan mutanen China, waɗanda suka gasa ganyensu lafiya lau ba su aiki kowa Mai'adua ba. Kada a kawo mini ƙara gida, kada a kai ni gaban alƙali, kada a ce in sake riƙe fulas. Ni tela ne. Abin da ya rage a hannuna na wannan magana abu ɗaya ne: farar rigar nan mai aiki har ƙasa, tana rataye a bayan ƙofar shago. Munzali bai zo ya karɓa ba, ni kuma ban tuna masa ba.